Yaron da Maganarsa ke Maƙalewa, da Mai Duba Shi Daga Nesa

Ko wane malami da ya daɗe da alli a hannu ya san irin yaron nan. A kan same shi can bayan aji, ya raɓe jikin bango. In an yi tambaya sai ya sunkuyar da kai. In an tilasta masa ya miƙe, baki ya ɗauki rawa, kalma ta maƙale, 'yan aji su fashe da dariya. Wani kuwa surutu gare shi, amma ban da uwarsa ba mai gane abin da ya ke faɗi. Ku da ke shirin fita koyarwar gwaji, lalle za ku gamu da ɗayansu kafin zango ya ƙare. Darasinmu na wannan karo a kansu ne, da kuma a kan wani ma'aikaci wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, watau masanin gyaran magana, wanda a yanzu ya ke iya duba yaro ta wayar hannu alhali kuwa yana zaune a wani gari.

Bari in fara da laifin kaina. Farkon fitata aiki an ba ni aji biyu a wata firamare kusa da unguwar Hausawa. Akwai wani yaro cikinsu da sai na kira shi sau uku kana ya waiwayo, in ya yi magana kuma ba a jin s ko sh a bakinsa. Na ɗauka taurin kai ne da sangarta. Wata uku cur ina daka masa tsawa, har na mai da shi layin baya don kada ya ɓata mini aji. Ran nan ina duba littafinsa na sunkuya kusa da shi, sai na ga ƙuda na bin kunnensa, mugunya na fita. Ashe yaron nan rabin abin da na ke faɗi bai taɓa isa gare shi ba, ga shi kuwa ni da hannuna na kai shi inda ya fi ko'ina nisa da bakina.

To, wane ne masanin gyaran magana? Shi dai ba ya allura, ba ya fiɗa. Mutum ne da ya yi karatu a jami'a a kan yadda numfashi da maƙogwaro da harshe da leɓe da ganɗa su ke haɗuwa su fid da magana, da yadda ƙwaƙwalwa ke shirya ta. A kan kai masa mai i'ina, da mai tsamin baki, da yaron da ya yi jinkirin fara magana, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, da kurman da aka sa wa na'urar ji. A kan kai masa manya ma, kamar wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, ko wanda haɗiyar abinci ta gagara, ko mai muryar da ta dishe ta ƙi komawa. Malaman makaranta suna da yawa cikin waɗannan na ƙarshe, saboda ihu cikin ƙurar alli daga safe har azahar, sai ku kiyaye.

Sana'ar ba ta daɗe ƙwarai ba. An kafa ƙungiyar masu yin ta a Amurka cikin 1925, ta Ingila kuwa cikin 1945. Labarin da ya fi fid da sunanta shi ne na Sarkin Ingila Joji na Shida. Tun yana ɗan sarki ya ke fama da i'ina, har jawabi gaban jama'a ya zame masa azaba. Cikin 1926 ya fara zuwa wurin wani mutumin Ostireliya, Lionel Logue, suka yi ta aiki tare shekara da shekaru. Ya hau gadon sarauta cikin 1936, ran 3 ga Satumba 1939 kuwa ya yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa jawabin shiga yaƙi ta rediyo, ya kai ƙarshe lafiya. I'inar ba ta rabu da shi ɗungum ba har ya mutu, ya dai koyi yadda zai bi da ita. A nan Nijeriya a kan koyi wannan ilmi a Jami'ar Ibadan, akwai kuma kwalejin horad da malaman yara masu buƙata ta musamman a Oyo, wadda aka buɗe cikin 1977. Hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista, tare da masu gashin ƙashi da masu awon ji, da dokar 1988 aka kafa ta.

Wahalar ita ce ba su da yawa. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da rahoto a kan sha'anin ji, inda ta nuna cikin ƙasashe matalauta kashi 17 kaɗai cikin 100 ke da masanin gyaran magana ko da guda ɗaya ga mutum miliyan. Namu na nan galibi suna manyan birane, irin su Ikko da Ibadan da Abuja, da asibitocin koyarwa. Masu buƙatarsu fa? Binciken da aka yi a Ingila da Amurka ya nuna wajen yara 7 cikin 100 suna da wahalar fahimtar harshe ko sarrafa shi, ba tare da kurumta ko wata cuta da a ke gani ba. Wajen 5 cikin 100 kuma su kan yi i'ina a wani lokaci na yarantakarsu. In an ba ka aji mai yara 60, kai ma sai ka yi lissafi.

Bambancin harshe dabam, ciwo dabam

Nan ne na ke so ku tsaya ku yi tunani, don mu da ke koyad da Hausa a kudu mun fi kowa haɗarin yin kuskure a nan. Ajinka zai haɗa ɗan Bahaushen Sabo, wanda ya tashi da Hausa a gida da Yarbanci a kasuwa da Turanci a makaranta, da kuma ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo wanda bai taɓa jin Hausa ba sai a bakinka. In ɗan Bayarabe ya ce kafa maimakon ƙafa, ko kara maimakon ƙara, ko ya ce shiki yana nufin ciki, ba abin da ya sami bakinsa. Harshensu ne ba shi da waɗannan baƙaƙe, koya masa su kuwa aikinka ne, kai malamin Hausa. Haka nan Bahaushe in ya zo Turanci ya kan rikita p da f, don a harshensa ba a rarrabe su. Wanda ya aika da irin waɗannan yara asibiti ya ɓata kuɗin iyaye, ya kuma sa wa yaro shakkar kansa a banza.

Yaya za ka gane na gaskiya? Ciwon magana ba ya zaɓen harshe. In yana nan, za a ji shi cikin ko wane harshe da yaron ya ke yi, har da wanda ya sha a nono. Saboda haka kada ka yanke hukunci da abin da ka ji a aji kaɗai. Saurare shi a filin wasa sa'ad da ya ke cikin 'yan'uwansa. Sa'an nan ka nemi uwarsa ko kakarsa, ka tambaye ta, a gida ana gane maganarsa? Yaushe ya fara magana? Ya yi daidai da yayyensa sa'ad da su ke kamarsa? Tsohuwar da ta yi renon yara goma ba ta san sunan ciwon ba, amma ta san wanda ya bambanta.

Ga ma'aunin da masana su ke bi, ko da ya ke yara ba su zama ɗaya. Jariri ya kan fara gwaranci, ba-ba-ba, da-da-da, tsakanin wata 6 da 9. Wajen shekara guda ya kan faɗi kalmar farko. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar ba ni, ko Inna zo. A shekara 4 baƙon da bai san shi ba ya kamata ya gane kusan duk abin da ya ce, wajen shekara 5 kuwa yawancin yara sun mallaki kusan dukan baƙaƙen harshensu. Ɗan shekara 3 da ya ce luwa yana nufin ruwa, a ƙyale shi. Ɗan shekara 7 da ke faɗin haka, a duba shi. Wasu za su ce maka yawan harsuna ne ya rikita yaro, a hana shi Hausa a gida ya tsaya ga Turanci. Kada ka yarda. Jin harshe biyu ko uku ba ya jawo ciwon magana, raba yaro da harshen uwarsa kuwa raba shi ne da mutanen da suka fi kowa yi masa hira.

Kafin kome, a tabbata kunne yana ji. Ƙyanda da sanƙarau da hangum da ciwon kunne mai ruwa duk suna rage ji, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abin da za a iya hanawa ne. Akwai wani ɗan gwaji da wani masani, Daniel Ling, ya shirya, wanda ba ya bukatar kome sai baki. Ka tsaya bayan yaro inda ba ya ganin leɓenka, ka furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya da muryar hira, watau m, u, a, i, sh, s, shi kuwa ya ɗaga hannu ko ya maimaita duk sa'ad da ya ji. Na farkon masu kauri ne, na ƙarshen sirara. Yaron da ya ji a da u amma s ta wuce shi, kamar nawa na aji biyu, sai a kai shi awon ji. Wannan gwaji ishara ce kawai, ba ya zama madadin awon asibiti, irin wanda a ke yi a asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Jiyya ta waya

Kai ilmi ko magani inda ƙafa ba ta kai ba ba sabon abu ba ne. A Ostireliya, inda gidan makiyayi ya kan yi tafiyar kwana da makwabcinsa, likitoci sun daɗe suna ba da shawara ta rediyo, cikin 1951 kuma aka buɗe makaranta a garin Alice Springs wadda malami ke koyarwa ta rediyo, yara suna amsawa daga gidajensu. Masu gyaran magana na Amurka sun amince da aiki daga nesa a hukumance cikin 2005. Amma abin bai game duniya ba sai 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu da ɗakunan jiyya, kowa ya koma kan waya ko yana so ko ba ya so. Mu nan wayar hannu ta shigo cikin 2001, ga shi yau da wuya ka sami makarantar da ba malami ko ɗaya mai waya da ke ɗaukar hoto.

Hanya biyu a ke bi. Ta farko, a yi kiran bidiyo, masani yana ganin yaro, yaro yana ganinsa, su yi darasi kamar suna ɗaki guda. Ta biyu, a ɗauki maganar yaro a bidiyo a aika, masani ya duba sa'ad da ya sami sukuni, ya aiko da abin da za a yi. Galibi a kan gama su biyun. Ko abin yana aiki? A Sidni ta Ostireliya an shirya wata hanyar jiyyar i'ina ta yara 'yan ƙasa da shekara 6, ana kiranta Lidcombe, da sunan unguwar da aka fara ta. Iyaye ke yin aikin. Kullum su kan zauna da yaro 'yan mintoci ana hira, in ya yi magana sumul su yaba masa, jifa-jifa su nuna masa inda ya yi tuntuɓe cikin lallashi, masani kuwa yana ganinsu sau ɗaya a mako yana gyara musu. An gwada ta ta bidiyo aka gwama da zuwa asibiti, sakamakon da aka buga cikin 2016 ya nuna yaran duka sun sami sauƙi kusan daidai. Na kawo wannan don misali ne, kada wani ya karanta ya tafi ya fara gwadawa ba tare da masani ba.

Ku lura da abu guda cikin misalin nan. Mutumin da ke cikin waya ba shi da hannu. Ba ya iya juyo da fuskar yaro, ba ya iya miƙa masa hoto, ba ya iya kamo shi in ya ruga waje. Dole a sami babba a gefen yaron, a ƙauye ko a unguwa kuwa sau da yawa malamin aji ne. Aikin ga mu ya ninku, don mai yiwuwa ne masanin da za a samu a Ikko ko Ibadan ba ya jin Hausa. Bai san kuka na ido dabam da kuka ta miya ba, bai san jan wasali ke raba gari na mutane da gari na tuwo ba, in yaro ya ce daki maimakon ɗaki ba zai ji an yi kuskure ba. Kai ne kunnensa. Kai za ka shirya masa jerin kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ da ts da r iri biyu, ka gaya masa wanda yaro ya faɗa daidai. In kana fassara kuwa, ka faɗi abin da yaron ya ce yadda ya ce shi. Malamai muna da halin gyara jimlar yaro kafin mu maimaita ta, a nan kuwa in ka gyara ka ɓoye ciwon da a ke nema.

Sai sha'anin na'ura, wanda ya kan ɓata aikin fiye da yadda a ke zato. Kiran murya na waya irin na kullum ba ya ɗaukar dukan sauti. Ya kan ɗauki girgizar da ke tsakanin 300 da 3,400 a daƙiƙa, ƙarfin s kuwa yawancinsa sama da 4,000 ya ke. Shi ya sa a waya s da f su kan yi kama, ba kuwa za a iya auna tsamin baki da irin wannan kira ba. A yi bidiyo, a sa abin magana kusa da bakin yaro. A zaunad da shi yana fuskantar taga don haske ya sauka a fuskarsa, in taga tana bayansa sai ya zama inuwa. A jingine wayar daidai idonsa, kada a riƙe a hannu tana rawa. A nemi ɗaki nesa da janareto da titi, a kuma kori 'yan leƙe. Akwai wani abin da ba ya faɗo wa mutum a rai sai ya gani: in intanet ya yi rauni, hoto ya kan daskare, murya ta yanke ta dawo, masani ya rasa ko yaron ne ya maƙale ko waya ce. Saboda haka ga mai i'ina ya fi kyau a haɗa da bidiyon da aka ɗauka tun da fari, yana hira da wanda ya saba da shi.

Bidiyon nan amana ne. Ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta wajabta haka. A aika wa masani shi kaɗai, in an gama a goge. Malamin da ya jefa bidiyon yaro mai i'ina cikin zauren WhatsApp na malamai don a yi dariya, ko ma don neman shawara, ya yi wa yaron illar da ta fi ta bulala. Haka kuma a bincika ko wanda za a ba aikin yana da rajista, don intanet cike ya ke da masu alkawarin warkad da i'ina cikin kwana bakwai.

Akwai kuwa abin da waya ba ta iyawa. Ba ta leƙa cikin kunne, ba ta awon ji na sosai, ba ta taɓa ganɗa. Yaron da maganarsa ke fita ta hanci, ko ruwa ke dawo masa ta hanci in ya sha, a kai shi a duba bakinsa ido da ido, don a kan sami tsaguwa can ciki wadda ba a gani daga waje. Wajen jariri 1 cikin 700 a duniya a kan haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, ƙungiyar Smile Train kuwa tana biyan kuɗin ɗinkin a asibitoci da dama na ƙasar nan. Bayan ɗinki ne aikin gyaran magana ke farawa, a nan waya ta kan rage wa iyaye zirga-zirga ƙwarai. Wanda ke ƙwarewa in yana cin abinci, ko wanda maganarsa ta ɗauke farat ɗaya, wannan na likita ne a ranar, ba a jiran kiran bidiyo.

Za ku sha gamuwa da iyayen da suka riga sun kai yaro wurin wanzami an cire beli, ko an yanke jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe, don magana ta saku. Kada ku yi musu gatsali, neman sauƙi su ke. Ku dai bayyana musu i'ina ba a harshe ta ke ba, daga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana ne, sau da yawa kuma gado ce, ta fi yawa ga maza. Aska ba ta kai can, abin da ta kan jawo sai zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Ku ƙara musu da cewa yawancin yaran da suka fara i'ina tsakanin shekara 2 da 5 ta kan bar su, amma in ta wuce wata shida, ko yaro ya fara gudun magana, lokacin neman masani ya yi. In kun ga uba yana jin kunyar ɗansa, ku tuna masa Annabi Musa ma ya roƙi Ubangiji ya kwance masa ƙullin harshensa, labarin nauyin harshensa kuwa Musulmi da Kirista duk sun san shi.

A cikin aji fa, kafin a sami masani, ko in ba a samu ba sam? Kada ka ƙarasa wa mai i'ina kalmarsa, kada ka ce masa ya yi a hankali ko ya ja numfashi, wannan ƙara masa nauyi ya ke yi. Dube shi kamar yadda ka ke duban kowa, ka jira, ka amsa abin da ya faɗa. Kai ka rage saurin taka maganar. In ana bi da bi, sa shi cikin na farko, don zaman jiran layi ya zo kansa shi ke ɗaure masa wuya. Abin mamaki, mai i'ina ba ya cika yin ta in yana waƙa ko yana karatu baki ɗaya da wani, saboda haka ka riƙa haɗa shi da abokin karatu su biya tare. Ka kira shi gefe ka tambaye shi yadda ya fi so a yi. Wanda ya kwaikwaye shi don ba'a kuwa, ka tsawata masa tun ran farko.

Ga aikin da za ku zo da shi in kun komo daga koyarwar gwaji. Ko wane ɗayanku ya yi gwajin sautuka shida ga dukan ajinsa cikin makon farko, ya rubuta adadin waɗanda s ko sh ta wuce su, ya kuma dawo da su layin gaba. Sa'an nan ya zaɓi yaro guda wanda maganarsa ta ba shi shakka, ya rubuta kalmomi ashirin yadda yaron ya furta su, goma a aji, goma a filin wasa cikin harshen gidansu. Kada a rubuta sunan yaro ko na makaranta. A kawo takardun ofishin sashen Hausa cikin mako na biyu bayan komowa, za mu duba su tare, mu ware na malamin Hausa da na masanin gyaran magana.